Kwancin Durgu

Sai da Inna ta sha cokali bakwai na romon sannan ta tambayi Durgu.

Injiniya yana ƙirga cokulan a zuciyarsa, domin kwana biyar ke nan da aka kwantar da ita a asibiti, kuma ban da ruwan da ake ƙara mata ta hannu ba abin da ya shiga cikinta ya zauna. Hawan jini ne ya kayar da ita a bakin famfo. Likita ya ce ta tsallake, amma ya ja kunne a kan abu biyu: ta ci abinci, kuma kada a kawo mata labarin da zai tayar mata da hankali. Tun ranar Injiniya ya kulle shagonsa ya tare a gefen gadonta. Ba fa wani injiniya ba ne, walda yake yi, ƙofofi da tagogi. Mutanen layi ne suka laƙaba masa sunan, shi kuma bai taɓa ganin dalilin musantawa ba. A kwana biyar ɗin nan gemunsa ya yi buzu-buzu, wando ya fara yi masa yawa, kuma ba nas ɗin da bai yi wa tsawa ba don ta taɓa uwarsa da hannu mai sanyi.

"Auta," in ji Inna. Shekararsa arba'in da shida, da furfura a gemu, amma a bakinta Auta ne. "Durgu tana saukowa ta ci abinci kuwa?"

"Saukowa daga ina, Inna?"

"Daga kan ƙwai mana. Kwanci take yi. Yau kwana goma sha tara, jibi in Allah ya yarda za ta fara ƙyanƙyasa."

Cokalin ya tsaya a tsakanin kwano da bakinta. Durgu tana cikin kwanon da ke hannun Injiniya.

Da safiyar nan ne, da ya leƙa gida ya watsa wa kaji tsaba, ya gan ta a tsakar gida, ita da ya yi kwanaki bai sa ta a ido ba. Gashinta duk a tashe, tana wani irin kuka ƙasa-ƙasa, ga kashin da ta yi mai warin tsiya. Da ya ɗaga ta sai ya ji ta sakayau kamar kwali, ƙirjinta tas babu gashi, kuma da zafi. Nan take ya yanke hukunci: ciwo ne, gara a yanka kafin ta mutu a banza ko ta shafa wa sauran. Har daɗi ya ji da dabararsa, ga maganin annoba, ga romo ga mara lafiya. Matarsa, wadda kowa ke ce wa Malama saboda koyarwa take yi, ta ce ko a bari a tambayi Inna. Ya ce likita ya hana a dame ta.

"Ban ga gurbinta ba, Inna," ya ce, muryarsa kamar ta aro.

"Ina za ka gani? Ɓoye maka na yi. Kai da duk ƙwan da ka gani sai ka kai wa 'ya'yanka su karya da shi. Yana bayan tulin ƙarafanka, cikin tsohuwar taya. Goma sha ɗaya ne, duk na yi musu zane da gawayi." Ta buɗe baki, ya zuba mata cokali na takwas. Ta haɗiye. "Irin nan daga hannun uwata na gaje shi. Ita kaɗai ta rage mini, ka sani. Ni dai in ga 'yan tsakin nan suna bin ta a tsakar gida, ko da rarrafe zan bar gadon nan."

Ya sani, kuma shi ya jawo. Wata huɗu da suka wuce, Inna ta je ganin ƙanwarta ta kwana biyu, shi kuwa ya ga dama ta samu da zai yi mata gata. Ya kwashe tsofaffin kajinta goma sha biyu, ƙanana, kala-kala, masu yin ƙwai goma su tsaya su kama kwanci, ya kai wa Mai Kaji a kasuwa, ya karɓo jajayen kajin gidan gona guda shida, manya, masu sheƙi, kowace safiya ƙwai. Zakaran ne kawai ya bari, sai Durgu mai gajerun ƙafafu da ta shige ƙarƙashin gado ta tsira. Da Inna ta dawo ta daɗe tana kallon jajayen, ta ce, "An gode." Tun daga ranar ba ta ƙara tayar da maganar ba, shi ya sa ya ɗauka ta ji daɗi.

"Tashi ka je ka duba mini ita," ta ce. "Yanzu, ba anjima ba. Ƙwai mai kwana goma sha tara ba ya son sanyi. In ka tarar ta tashi ta ƙi komawa, kada ka ɓata lokaci a kan jajayenka, ka wuce wurin Mai Kaji. Bar mini kwanon, hannuna yana aiki."

A baranda ya kira Malama a waya, ya faɗa mata cikin kalmomi biyar ko shida. Ya ji salatinta, ya ji gudunta, ya ji ƙarafa suna zubewa.

"Ga su nan, Baban yara. Goma sha ɗaya. Wayyo Allah, sun fara hucewa."

"Da sauran ɗumi?"

"Kaɗan. Na sa ɗaya a kumatuna, da ɗan saura."

"To yaya za a yi?"

Rabon da ya tambaye ta yaya za a yi har ta manta, amma ba ranar gori ba ce. Ta ce ya taho kawai.

Kafin bas ya sauke shi ta riga ta yi abin da ya kamata. Ta shimfiɗa tawul a cikin babbar kular abinci, ta jera ƙwan, ta kewaye su da gorunan ruwan ɗumi da ta naɗe a tsumma, ruwan da ta gwada da gwiwar hannu kamar na wankan jariri. Murfin ta bar shi a ɗan buɗe don su sha iska.

"Wannan ba zai kai su jibi ba," ta ce. "Ruwa hucewa yake yi, in na ƙara zafi kuma in dafa su. Uwa suke so."

An ce masa kada ya ɓata lokaci a kan jajayen, amma mutum ba ya son a ce abin da ya zaɓa da hannunsa ba shi da amfani. Ya kamo mafi girma a cikinsu, wata mai faɗin baya da za ta rufe ƙwai ashirin, ya kai ta gurbin taya, ya sa mata ƙwan safiya biyu don gwaji, ya danna ta a kai. Ta miƙe. Ya sake dannawa, har yana shafa mata baya yana lallashi. Ta dube shi da ido ɗaya, ta taka ƙwai guda ya fashe, ta sunkuya ta fara sha. Ya kamo ta biyu, ita ko tsayawa ba ta yi ba, ta bi ta kafaɗarsa ta bar masa shaida a riga.

"Baban yara," Malama ta ce a hankali, "azahar ta kusa."

Layin masu kaji yana can ƙarshen kasuwa, bayan masu gawayi, inda ƙasa ba ta bushewa. Mai Kaji dattijo ne mai ido ɗaya da rabi, yana zaune a kan kejin ƙarfe wanda Injiniya ne ya yi masa waldarsa. Yana hango shi ya washe baki.

"Injiniya! An zo ƙarin jajaye ke nan? Na samo wasu farare, in ka ga ƙirjinsu sai ka rantse talo-talo ne."

"Baba, mai kwanci nake nema. Yau. Yanzu."

Ya zayyana masa komai, bai rage wa kansa laifi ko ɗaya ba. Dattijon ya saurara, dariya tana cin sa yana danne ta, har aka zo wurin romo. Nan ya daina murmushi.

"Ta sha?"

"Ta sha. Shi ne abu na farko da ta ci a kwana biyar."

"Allah Sarki." Ya girgiza kai. "To ai kai ne, ranar da ka zo ba ka tambaye ni masu kwanci ba. Cewa ka yi masu ƙwai, na ba ka masu ƙwai. Jajayen nan inji ne ya ƙyanƙyashe su, ya ƙyanƙyashe iyayensu da kakanninsu. Duk wadda ta nuna alamar kwanci a gidan gona fitar da ita ake yi, don mai kwanci ba ta ƙwai. An tace su har sun manta. Fararen nan kuma nama ne zalla, in ta zauna a kan ƙwai ma fasa shi za ta yi."

Injiniya ya nuna wata baƙa mai tukku, kyakkyawa, a kejin gefe. "Wannan fa? Ai ta gida ce."

"Ta gida ce, uwa ce ta gaske, amma ba ta shiga ba. Kwanci ba a sa kaza, ita ke shiga da kanta. Zo ka gani." Ya ciro ta, ya kama hannun Injiniya ya tura ƙarƙashinta. "Ka ji? Gashi cunkus. Mai kwanci da bakinta take fige ƙirjinta don fatarta ta taɓa ƙwai. Za ka ji ta da zafi, ta rame don ba ta sauka ta ci sai sau ɗaya a yini, in ka matso ta kumbura ta yi maka gurnani."

Injiniya ya janye hannunsa. Duk abin da dattijon ya lissafa, shi ne abin da ya gani da safe ya kira shi ciwo. Da a ce ya san wannan da ƙarfe bakwai, da yanzu yana gefen gado hankalinsa kwance. 

Suka bi layin rumfa-rumfa, Mai Kaji a gaba yana tambaya. Kowa amsarsa ɗaya: wa zai kawo mai kwanci kasuwa? Ba ta da nama, ba ta da kyan gani, mai ita kuma ba ya rabuwa da ita. Wani ya ce a gwada ƙauye ranar Laraba. Wani ya ce akwai mai injin ƙyanƙyasa a bayan gari, sai dai wuta ba ta zama a can. Suka dawo rumfa hannu biyu, rana ta karkata.

Dattijon ya zauna, ya cire hula ya sosa kai, sai kuma ya yi tsaki.

"Kai, tsufa! Ga abu a ƙarƙashina ina yawo. Akwai wata 'yar masifa, amma ba za ka so ta ba."

Ya ja wani buhu da ya rufe kejin ƙasa. A can lungu wata 'yar kaza ce ruwan toka ta baje a ƙasa kamar an taka ta. Wuyanta tsirara, ja, babu gashi ko ɗaya tun daga kai har kafaɗa. Injiniya ya gane ta nan take. Cikin goma sha biyun da ya kawo ce, ita ce wadda ya fi tsana, wadda ya raɗa wa suna Ungulu, Inna tana hana shi.

"Taku ce," in ji Mai Kaji. "Sauran duk sun tafi a mako guda, ita wata huɗu ba wanda ya ko taya. Mata su ce ciwo ne ya cinye mata wuya, alhali haka irinsu yake. Yau kwana goma sha biyu ke nan ta kama kwanci. Na tsoma ta a ruwa sau uku don ta saki, ta bushe ta koma. Sa hannu ka ga abin da take kwanta wa."

Ya durƙusa a cikin caɓi ya tura hannu. Ta kumbura ta ninka girmanta, ta yi wani gurnani, ta kai masa sara a bayan hannu har jini ya fito. Bai janye ba. Ƙirjinta tas, zafi kamar bakin murhu. Ya lalubo abin da ke ƙarƙashinta ya fito da shi: wani tsohon kwaɗo ne na kulle keji, ya yi tsatsa, ya ɗauki ɗumi.

"Kwana goma sha biyu a kan kwaɗo," dattijon ya ce. "In ka ba wannan ƙwai na gaske, sai dai a kashe ta a kai."

"Me zan ba ka, Baba?"

"Ranar nan biyu ka ba ni na ba ka ja ɗaya. Yau ka kawo jajaye biyu ka ɗauki wannan." Ya dube shi da idon nan mai kyau, yana jiran ciniki.

"Zan kawo uku."

"Biyu na ce, ko gobe ka kawo. Ka ji sharaɗi: ka rufe ta kada ta ga hanya, ka tafi da kwaɗonta. Mai kwanci in aka canza mata wuri takan saki. In ta saki, to, ba ni da wata."

A cikin bas ya rungume kwalin a ƙirji, yana kare shi da gwiwar hannu duk lokacin da aka faɗa rami. Wata mata da ke gefensa ta leƙa ta ramin kwalin, ta ga jan wuya, ta matsa ta ce Allah ya sawwaƙe, wannan ai ba ta ciwuwa. Ya ce mata ba ta ci ba ce, da wata irin murya da ta sa ba ta ƙara tankawa ba.

Malama ta canza ruwan gorunan sau huɗu kafin ya iso. Suka mai da ƙwan cikin taya ɗaya bayan ɗaya, zanen gawayin Inna a sama, suka jingina fallen kwanon rufi don wurin ya yi duhu. Ya ajiye kwaɗon a tsakiyar ƙwan, ya buɗe kwali, ya sauke Ungulu a bakin gurbi.

Ta tsaya. Ta miƙa dogon wuyan nan ta dubi ƙarafa, ta dubi katanga, ta dubi jajayen da ke tono a can gefe. Gashinta da ke kumbure ya fara kwanciya. Ta taka ɗaya, ta taka biyu, ta juya wa gurbin baya ta nufi wurin ruwa.

"Ta saki," Injiniya ya ce. Ya zauna daɓas a kan wani guntun ƙarfe. Ya ga kansa yana shiga ɗakin asibiti, ya ga fuskar Inna, ya tuna abin da likita ya ce. Idonsa ya cika, bai ma damu da Malama tana gani ba.

"Yi shiru," ta ce, ta riƙe masa hannu. "Ka ji?"

Bai ji komai ba sai ƙarar injin niƙa a maƙwabta. Can sai ga shi, siriri kamar tsinin allura, daga cikin taya: tsiyak. Aka ɗan jima, aka sake. Wani daga cikin goma sha ɗayan ne yake kuka a cikin ɓawonsa.

Ungulu ta ɗago kai daga ruwan, ɗigo yana zuba daga bakinta. Ta karkata kai. Ta amsa da wannan kukan na ƙasa-ƙasa, irin wanda Durgu ta yi da safe. Sannan ta dawo da sauri, ta hau bakin taya, ta sa ƙafa a tsakanin ƙwan a hankali kamar mai tsoron tashin jariri, ta jawo na gefe da baki, ta girgiza jiki ta baje. Kwaɗon ne ya tokare ta. Ta tura shi da baki har ya faɗo waje.

Malama ta saki dariya tana share ido. Shi kuwa ya ɗauki kwaɗon ya sa a aljihu, bai san dalili ba.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya shiga ɗakin marasa lafiya. Tun a bas yake shirya ƙarya, ya gyara ta, ya sake gyarawa: Durgu tana nan lafiya, tana kan ƙwai. In ya so bayan an sallame ta a san abin faɗa. Ya tarar da Inna a zaune, an jingina mata matashi, kwanon a wanke a kife a kan fulas. Ta dubi caɓin da ke gwiwarsa, ta dubi ciwon bayan hannunsa. Kafin ya fara ƙaryar ta riga shi.

"Wa ka samo musu?" ta ce.



Ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta ciro wata 'yar takarda a naɗe, ta warware. Ƙashin ƙafar kaza ne, an tsotse shi fes, bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

"Tun da ka juye fulas na gan ta a kwano. Shekara huɗu ina kallon ƙafar nan, Auta."

"Inna, ki yafe mini. Na ga ta rame ne, na ga ƙirjinta, na ɗauka…" Ya durƙusa a gefen gadon. "Kin sani, kuma kika sha?"

"In bar ta ta tafi a banza? Na yi kukana bayan ka fita, na gama. Na ce wa ka samo musu?"

"Ungulu."

 Sai kafaɗunta suka fara rawa, ya tsorata ya miƙe zai kira nas, ashe dariya ce, hawaye na bin ta.

"Mummunar?"

"Ita. Ta kwanta, Inna. Ɗaya ya yi kuka a cikin ƙwai, ta ji, ta kwanta."

"Za ta kwanta. Ita shaho ma tsoronta yake ji." Ta share fuska da gefen mayafi, ta naɗe ƙashin ta mayar. "Da sauran romon a fulas, na rage. Zuba."

Ya zuba, ya ɗebo a cokali ya nufi bakinta. Ta kama wuyan hannunsa, ta juya shi, ta matsa ƙashin da ya fito, sannan ta tura cokalin wajensa.

"Ba ni ba, kai. Dubi yadda ka koma. Kwana biyar kana zaune wuri ɗaya, ba ci ba sha, ka rame, gashi duk a tashe, kowa ya matso kusa da ni ka kai masa sara." Ta gyara kwanciya ta lumshe ido. "Wanda bai sani ba sai ya ce ciwo gare ka."